Cikar littafin rubutu ba ita ce shaidar karatu ba

Iyaye da yawa da abu biyu suke auna ajin firamare: yawan shafukan da yaro ya cika da rubutu, da ƙarfin muryar da yara ke amsa wa malami da ita. Malami ya faɗa, aji ya ɗauka baki ɗaya har a jiyo daga waje, sai hankalin kowa ya kwanta cewa ana karatu. A ganina waɗannan ma'aunai biyu su ne suka fi ɓoye yaron da aka bari a baya. Cikin amshin yara hamsin, wanda bai gane ba leɓe kawai zai motsa, ba mai lura. Kwafar allo kuwa, yaro na iya zana haruffa tsaf, layi bayan layi, alhali bai san sautin ko ɗaya ba.

Lamarin ya wuce yadda ake zato. A 2022 Bankin Duniya tare da UNESCO da UNICEF sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Kafin annobar korona ta rufe makarantu, kashi 57 ne. Ke nan ko a lokacin da ƙofofi ke buɗe, ana buga ƙararrawa ana kiran suna, fiye da rabin yaran ba su samu abin da aka tura su nema ba.

To mene ne ya kamata a tarar aji yana yi? A ɗauki 'yan aji uku da malamarsu ta ba kowane rukuni ƙwayar wake, da jiƙaƙƙiyar auduga, da kofin roba. Kofi ɗaya a kan taga, ɗaya a cikin kabad inda ba haske. Kullum da safe wata yarinya ta ɗora rula a jikin tsiron, ta faɗi santimita nawa ya kai, abokinta ya rubuta a jadawali. Bayan kwanaki sai gardama ta tashi: na cikin duhu ya fi tsawo, amma ya yi fari, ya langwaɓe. Me ya sa? Malama ba ta yi saurin ba su amsa ba, ta ce kowa ya rubuta jimla biyu kan abin da yake tsammani, ya karanta wa na kusa da shi. A darasi guda an yi awo, an yi ɗebewa, an yi rubutu na ƙashin kai, an saurari juna. Kuma malama na zagayawa, ta ga da idonta wane ne ke riƙe rula a juye, wane ne ya kasa haɗa kalma.

Za a ce wannan sai ajin da ba cunkoso, kuma manhaja na jira a gama ta kafin jarrabawa. Kukan malamai ne na gaskiya, ba na raina shi. Amma gama manhaja a kan allo bai amfani yaron da tun a shafin farko ya tsaya ba. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara wani bincike na shekara-shekara a 2005, ana bi gida-gida ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya: haruffa, kalmomi, sakin layi, labari. Shekara da shekaru ana samun kusan rabin 'yan aji biyar na karkara ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Maganin da suka fito da shi ba ya bukatar sabon gini. A ware wani lokaci kullum, a raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba bisa shekaru ko sunan aji ba, a koya wa kowane rukuni daga nan. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun gwada tsarin sun ga yana aiki, Zambiya ma ta shigar da shi makarantun gwamnati.

Hadda tana da gurbinta. Yaron da jadawalin sau ya zauna masa a ka yana samun sararin tunani a kan lissafi mai wuya. Illar ita ce a mayar da ita darasin gaba ɗaya, musamman inda ake koyarwa da harshen da yaro ba ya ji a gida, domin a nan ne amshi ke maye gurbin fahimta cikin sauƙi.

Uba ko uwa ba sa bukatar jiran sakamakon ƙarshen zango. A miƙa wa yaro layi huɗu da bai taɓa gani ba, daidai da ajinsa, ya karanta a bayyane, sannan a tambaye shi wa ya yi me, kuma don me. In ya tsaya, kada a yi masa tsawa, a duba a ina ya tsaya: harafi ne bai gane ba, ko haɗa su ne ya gagara, ko ya karanta amma ma'anar ta kuɓuce masa? Wannan bayanin za a kai wa malaminsa, a tambaye shi wane rukuni za a sa yaron, da abin da za a riƙa yi da shi a gida na minti goma kowace rana.