Kafin a kama hol don rihasal, a zauna da waliyyi

Jama'a, akwai sabon abin da ya shigo bukukuwanmu a Birnin Kebbi, wai rihasal. Ana jibi dina sai a tara ƙawayen amarya da abokan ango a hol, a koya musu yadda za su jeru bibbiyu, waƙar da za a saka, da inda ango zai ja ya tsaya. Ni dai ra'ayina, yawancin masu yi ba su da buƙatarsa.

A auren coci na Amurka da Ingila abin yana da dalili. Uba ne ke riƙo hannun 'yarsa har gaban limamin coci, ango da amarya su furta alkawari da bakinsu, su sa wa juna zobe. Dole su gwada. Mu kuwa amarya tana ɗaka ake ɗaura aurenta. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, shaidu su ji, a shafa Fatiha. Me za a gwada a nan?

Kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin hol, man janareta, abincin masu gwaji. Ƙawar da za ta taso daga Yawuri ko Zuru sai ta ƙara kwana, ko ta bi hanya da dare, abin da babu uwar da hankalinta zai kwanta da shi a wannan zamani. Amaryar ma ga kamu, ga lalle, ga kitso. Tsarin shiga, minti 20 kafin baƙi su iso ya wadatar.

Abin da ke damuna shi ne wanda ya kamata a bi dalla-dalla tun da wuri, shi ake bari sai an shiga masallaci. Wane ne waliyyi? Sau da yawa uba kan wakilta ƙanensa ko yayansa, to a sanar da baffan da bakin uban, kada manya biyu su miƙe lokaci guda gaban jama'a. Nawa ne sadakin, lakadan ne ko ajalan? Mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, kuma darajarsa a naira tana bin farashin zinariya, sai a tambayi malami a makon. Wakili ya san sunan amarya na yanka da na mahaifinta, don a gida ɗaya ana samun Aisha biyu. Liman ya san da zuwanku, domin bayan Juma'a aure nawa ake jerawa.

Sai gwajin jini, wanda na fi jin tsoron sakaci da shi. Idan ango da amarya duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Wannan takarda a gan ta tun kafin a sa rana, kafin a kai lefe, lokacin da iyaye za su iya zama su yi shawara ba tare da kunyar katin gayyata da aka riga aka raba ba.