Haraji bai san baƙo ba, sai takardar asali

Jiya bayan la'asar maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida, fayil a hammata, ransa a ɓace. Ɗansa ke son shiga aikin ɗan sanda, aka ce sai da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa. Da aka kai sakatariya, wani ma'aikaci ya ɗago kai ya ce, "Baba, ku asalinku ina ne?" Nan magana ta mutu.

Bawan Allahn nan daga Jos ya taso bayan rikicin Satumban 2001, daga shi sai iyali da keken ɗinki. A Gombe aka binne cibiyar yaron, a nan ya yi allo da boko, Fulatanci ma ya fi ni ji. Can Jos ɗin kuma baƙi ake ce musu. To ina za shi?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ranar da masu rasit suka zo karɓar kuɗin shago, ba wanda ke tambayarsa garin kakansa. Lokacin zaɓe har gida ake biyo shi, ana "Alhajinmu". Sai an zo rabon gurbin aiki ko tallafin karatu ake tuna baƙo ne.

Wai ma a Gombe! Garin da sai a 1919 aka dawo da fadar sarki cikinsa daga Nafada, bayan an baro Gombe Abba ta Buba Yero, wanda ya kafa masarautar. Auduga da jirgin ƙasa suka tara Hausawa, Barebari, Yarbawa da Ibo har gari ya zama gari. Daga baya 'yan'uwanmu na Borno da Yobe suka shigo gudun Boko Haram, jama'a suka buɗe musu zaure tun kafin hukuma ta motsa.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda asali, amma tsarin raba-daidai da ɗan asali yake aiki, takardar kuwa a hannun ciyaman take. Na san masu cewa gurabe kaɗan ne, in aka buɗe ƙofa 'yan ƙasa za su tashi a tutar babu. Tsoron ba na banza ba ne. Sai dai a sa ƙa'ida a rubuce, a manna a bangon sakatariya: wanda aka haifa a nan, ko ya shekara kaza yana biyan haraji, a ba shi. Yanzu abin ya koma wa ka sani, mai uwa a gindin murhu ya karɓa cikin kwana ɗaya.

Maƙwabcin nawa dai ya ce ranar Asabar zai tafi wani ƙauye a ƙasar Kano inda aka ce nan kakansa ya fito, ko Allah zai sa a samu dattijon da ya tuna sunan.