Son mota daban, wasa da ran mutane daban

Duk wanda ya taɓa rakiyar amarya a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san lokacin da nake nufi. An shafa fatiha, an sa amarya a mota, ayari ya kama hanya, sai ka ga motoci uku ko huɗu sun fice daga sahu. Wannan ya take totur har ƙasa, wancan ya ja birkin hannu motar ta juya kamar mazari, tayoyi na kuka, hayaƙi ya turnuƙe, wasu samarin sun fito da rabin jikinsu ta taga suna ɗaukar bidiyo. Yaran unguwa na biye da su da ihu. Kafin a isa gidan ango, bidiyon ya riga ya hau TikTok. A irin wannan dare na ga wata mota ta ƙwace wa direbanta ta haye teburin mai shayi. Allah Ya sa mutumin ya tashi ɗebo ruwa, kuma bencinsa babu kowa a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda abokan yaron suka fito suna tafa masa, ana cewa ai hannunsa ya faɗa.

Ni ma mai son mota ne, kuma ba na ganin laifin saurayin da zai tara kuɗinsa ya sayi mota mai lafiya, ya wanke ta safe da yamma, ya san ƙarar injinta kamar yadda ya san muryar ƙaninsa. Son abin hawa gado ne a wurinmu. Kakanninmu sun so doki, sun yi masa ado, sun yi kilisa da sukuwa, kuma har gobe jahi ne ke ƙayata hawan sallah. Amma a dubi yadda ake jahin. Mahayi yakan saki linzami ya nufo sarki a guje, ya ja ya tsaya cak ya yi jinjina. A filin da aka share ake yi, dogarai sun kori jama'a gefe, dokin an hore shi, mahayin kuwa tun yana yaro yake kan sirdi a hannun manya. Ba a taɓa jin mahayin kirki ya saki doki a tsakiyar kasuwa don a yaba masa ba. Samarinmu sun ɗauki son burgewar, sun bar filin da horon da ƙa'idar a baya, alhali abin da ke ƙarƙashinsu ya fi doki nauyi da gudu nesa ba kusa ba.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai riƙe sitiyari ya haddace. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ta kai 120, mita 33 ke nan. Kafin ido ya ga yaro ya tsallako, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye, kuma a wannan tsakanin motar ba ta rage komai ba. Bayan an taka birkin ma, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Wannan bai da alaƙa da gwanintar direba, haka Allah Ya tsara nauyi da motsi. Shi ya sa ƙa'idar hanya a Najeriya ta kayyade wa motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65 ya fi wanda aka buge a gudun 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. Tsakanin 50 da 65 kuwa, direba ba ya ma jin wani bambanci a jikinsa. A rahotonta na 2023 hukumar ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'in masu jan birkin hannun ke nan, da ƙannensu masu bin su da ihu.

Abin da ya fi ba ni takaici da yawancin masu kiran kansu masoya mota shi ne inda suke zuba kuɗinsu. Za a sauya salansa don ƙara ta tashi unguwa, a sa baƙin gilashi, a sa fitilu masu kashe idon mai tahowa, a cika but da sifika. Taya kuwa sai a je a ɗauko ta gwanjo, 'yar Beljiyam, don zanenta bai sude ba. Alhali duk ƙarfin injin da duk kyan birkin, a kan waɗannan robobi huɗu suke taɓa kwalta, kuma kowacce faɗin da take takawa bai wuce tafin hannu ba sosai. Roba tsufa take yi ko da ba a hau ta ba, ta bushe, ta tsage daga ciki, zafin kwaltarmu na watan Afrilu kuma ya ƙarasa ta. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Karanta wannan bai ɗaukar minti guda a gaban mai faci. Mutum nawa ne cikin masu wasan nan suka taɓa sunkuyawa suka duba?

Kada a ce wannan matsalar talaka ce. Paul Walker, ɗan wasan fim na Amurka da samari da yawa suka fara son mota saboda shi, ya mutu a watan Nuwamba na 2013 a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT da abokinsa ke tuƙawa. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan gudun da ya wuce kima, sun kuma gano tayoyin motar sun kai shekara tara. A nan gida, a watan Maris na 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar jif ɗinsu ta fashe motar ta yi ta wuntsilawa. Binciken hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ya nuna wani abu da ya kamata a riƙa maimaitawa a kowane gareji: ministan da ɗansa da ke kujerar baya motar ta wurgo su waje saboda ba su ɗaura bel ba, direba da dogarin da ke gaba kuwa sun ɗaura, sun kuma rayu. Mota guda, haɗari guda.

Mu kuwa har yanzu bel abin 'yan Road Safety ne. Ana jawo shi idan an hango su, a sake shi da an wuce, wasu ma sukan sakala shi ta bayan kujera don ƙarar gargaɗin ta yi shiru. Na baya ba a ma zancensa. Injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da wannan bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta saboda ya ga yawan rayukan da zai ceta. Yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi. Wanda ke taƙama da jakar iskar da ke cikin sitiyari ya sani an yi ta ne don ta yi aiki tare da bel, kuma motocin da ake shigo mana da su da yawa sun riga sun yi haɗari a can, jakar ta fashe, an rufe wurin an shafe. Ka sa bakanikenka ya duba kafin ka dogara da ita.

Masu tseren gaskiya, waɗanda samarinmu ke kallo a waya, su ne suka fi kowa tsoron mota. A watan Nuwamba na 2020, a tseren Formula 1 na Bahrain, motar Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta. Ya fito da ƙafarsa bayan kusan rabin minti, da ƙuna a hannuwa. Ya fito ne saboda hular kwano, da kayan da wuta ba ta saurin ci, da bel mai ɗauri da yawa, da ƙarfen kariya da aka sa a saman kansa, da likita da masu kashe gobara da suka iso nan take. Kuma a filin babu mai a-daidaita-sahu, babu almajiri, babu tsohuwa mai tsallaka titi. Kowa da ke kan wannan kwalta ya shiga da yardarsa. Mai shayin da na ambata ba wanda ya nemi yardarsa.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado sai ya tafi. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Alƙur'ani ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Kuma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe mutum bisa kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere. Idan kuskure na da wannan nauyin, ina ga wanda aka yi ta gargaɗinsa, ya san layin cike yake da yara, ya take totur don a ɗauke shi bidiyo? A al'adarmu iyayen mamaci sukan ce sun yafe, sun bar wa Allah. Wannan karamcinsu ne, bai kamata ya zama abin da mai ganganci zai riƙa lissafi da shi tun kafin ya kunna mota ba.

Alhakin bai tsaya kan samarin ba. Doka ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisin tuƙi, amma Alhaji zai miƙa wa ɗan shekara 15 makullin mota yana alfahari yaro ya iya. Idan jami'an Karota, masu kula da titunan Kano, ko na kiyaye haɗurra suka kama shi, kafin a isa ofis waya ta riga ta zo daga sama. Saudiyya ta sha fama da irin wannan wasa, wanda suke kira tafhiɗ. A 2016 ta ɗaga tarar karon farko zuwa riyal 20,000 tare da tsare motar, ta kuma buɗe ƙofa ga tseren da ke da ƙa'ida, har Jidda ta fara karɓar Formula 1 a 2021. Hannu biyun nan nake son gwamnatocinmu su haɗa. A hukunta mai wasa a titin jama'a ko ɗan waye, a kuma ware fili a wajen gari, da shinge da motar asibiti da sharaɗin hula da bel da duba taya, inda mai jin kansa gwani zai je ya nuna. Kano da ke iya tsara hawan da dubban dawaki ke fita ba za ta rasa yadda za ta tsara wannan ba.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun ango da waliyyinsa. Su ne suka gayyaci mutane, su ne kuma za a zo wa gaisuwa idan biki ya koma makoki. Tun wajen rabon kati a faɗa wa abokai cewa duk wanda zai yi wasa da mota kada ya shiga ayarin, a kuma sa dattijo guda a motar gaba wanda ba mai iya wuce shi. Na ga gidan da aka yi haka. Wasu abokan angon sun yi fushi sun koma tun daga bakin layi, sauran kuma suka kai amarya ɗakinta a gudun da bai wuce 40 ba.