Waliyyin sunanka abokin tafiya ne, ba laya ba

Ka tare yarinya a ƙofar coci a wani ƙauyen Rogo ko Sumaila, ka tambaye ta sunanta na baftisma, za ta ce Monika. Ka ce wace ce Monika, sai ta sunkuyar da kai. Ba laifinta ba ne. Iyaye da masu tsaya wa yara wajen baftisma ne ke ɗauko suna don daɗinsa a kunne, su bar mai sunan a littafin Fada, wato limamin cocin Katolika.

Koyarwar Katolika a nan ba ta da ruɗani. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyi kuwa girmama shi ake yi, kuma Majalisar Nikiya ta biyu, babban taron shugabannin Ikilisiya, ta raba wannan tun shekara ta 787. Ku saurari addu'ar jerin waliyyai da ake rerawa a daren Ista: in an kira Ubangiji a ce "ka yi mana jinƙai", in an kira Bitrus ko Maryamu a ce "yi mana addu'a". Yadda kake ce wa maƙwabcinka "sa ni a addu'a", haka nan ne, sai dai shi wannan maƙwabcin ya riga ka isa gida.

Ya kamata manomi ya san Isidore, waliyyin manoma. Ɗan ƙwadago ne a gonar wani mai kuɗi kusa da Madrid, ya rasu a 1130, ana bikinsa ran 15 ga Mayu, daidai lokacin da muke kai taki gona muna duban gabas. Mai son yin addu'ar kwana tara don neman roƙonsa ya fara ran 6 ga wata ya gama ran 14. Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma, a karanta Ubanmu, A Gaishe Ki Maryamu da Ɗaukaka, a faɗi buƙata da sunanta: ruwa, lafiyar shanun huɗa, bashin taki. Minti goma ya isa. In an tsallake dare ɗaya a ci gaba kawai, ba a komawa farko. Mai son a sa wa irin gero da dawa albarka ya gaya wa katikis, malamin cocin ƙauye, da wuri, tunda Fada ba kowace Lahadi yake zuwa ƙauye ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen medal, ɗan ƙarfen nan mai hoton waliyyi. A rataya wa jariri a wuya, a ce ta tsare shi daga maita, zazzaɓi ya kama shi a ƙi kai shi asibiti. Wannan tsohuwar laya ce aka sauya wa riga, kuma Katikisim na Ikilisiya a lamba 2111 ya kira shi camfi. Ƙarfen ba ya komai, tunatarwa ce ga mai ɗauke da shi. Ruwa mai tsarki ma ba ya kashe ƙuduji, sai ka tuge shi kafin ya yi fure. Akwai kuma masu ciniki da waliyyi, in ka ba ni kaza in ba ka kaza. Roƙo ake sa shi, mai bayarwa daban.

Ita kuwa Monika, matar Afirka ce daga Tagaste, a ƙasar Aljeriya ta yau. Mijinta mai zafin rai ne, ba Kirista ba, sai gab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Ɗanta Agustin, wanda daga baya shi ma ya zama waliyyi, ya yaudare ta a bakin teku, ya hau jirgi zuwa Roma ya bar ta tana kuka. Ta bi shi har Milan, aka yi masa baftisma a 387, ta rasu a shekarar. Uwar da ɗanta ya tafi ci-rani Legas ya daina ɗaga waya ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Ranar Monika 27 ga Agusta, ta ɗanta washegari. Wanda kuma sunansa na gida ne, irin Tanko ko Lami, ba shi da rana a kalanda, tasa ita ce 1 ga Nuwamba, bikin dukan waliyyai, lokacin da gero ya shiga rumbu.