Ba lamba 17 kaɗai ake dubawa a jikin taya ba

Masu Hilux da Prado da sauran motocin da ke ja da ƙafa huɗu, da ku nake. Akwai maganar da masu sayar da taya ke yi da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: "Alhaji, ai duk rim 17 ne, za ta hau." Hawa kam za ta hau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bara da damina tayoyin bayan Hilux ɗina suka suɗe. Kuɗin huɗu bai samu ba, sai na sayi biyu 'yan gwanjo. Na gaba 265/65 R17 ne, waɗanda aka miƙo mini 265/70 R17, wato girman rim ɗin ɗaya ne, 17, lambar tsakiya ce ta bambanta. Mai shagon ya jingina su kusa da juna, ya bubbuga da tafin hannu, ya ce bambancin bai kai a tsaya magana ba. A cikin gari ban ji komai ba, tunda a 2H ƙafafun baya kaɗai ke tura mota. Sai ranar da na tafi ƙauye ta'aziyya, na sa 4H, wato giyar jan ƙafa huɗu, saboda taɓo. Cikin laka lafiya lau. Ina hawa kwalta sitiyari ya yi nauyi, motar tana rirriƙewa kamar an ja burkin hannu, liba kuma ta ƙi fita daga 4H. Sai da na yi ta ribas kafin na ji ƙas, ta saki.

Bakanikena ne ya zaunar da ni a kan benci, ya ɗauko igiya ya zagaya tayar gaba, ya zagaya ta baya. Ratar ta kusa faɗin tafin hannu.

Lambar tsakiyar nan, 65 ko 70, ita ce tsayin gefen taya, wato kashi 65 ko 70 cikin ɗari na faɗinta. Ta 65 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 776, ta 70 kusan 803. A kilomita ɗaya ƙaramar za ta juya kamar sau 410, babbar kamar sau 396. To a 4H, Hilux tana kulle gaba da baya su juya daidai wa daida. Ina wannan ragowar juyi 14 zai je a kowace kilomita? A yashi ko laka taya na ɗan zamewa, ƙarfin ya fita. A kwalta babu zamewa, sai ya taru a kan transfa (akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya) da furofela (sandar da ke kai juyi ga ƙafafu) da haƙoran aksul, suna murɗewa.

Mai Prado ko babbar Land Cruiser kada ya ce ya tsira don bai taɓa jin wannan riƙewar ba. Tasa kullum a ƙafa huɗu take, tana da dif a tsakiya, wato giyar da ke barin gaba da baya su juya daban-daban, shi ke raba bambancin. An yi shi ne don shan kwana, ba don ya yi ta aiki daga Kano har Maiduguri ba hutawa ba. Man cikinsa ya yi zafi, ƙarfe ya ci, shiru-shiru, sai ranar da kuka ya fara. ABS ma, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki, juyin tayoyi yake ƙirgawa, idan suka saɓa yakan rikice.

Na san halin da ake ciki, taya huɗu sabbi a yau ba ƙaramin kuɗi ba ne, ban ga laifin mai sayen biyu ba. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum lambar da ba tasa ba alhali mai shago ya sani. Ko lamba ɗaya ce ma, sabuwa dal da wadda ta suɗe ba tsayinsu ɗaya ba, haka kamfani da kamfani sukan ɗan saɓa.

Lambar da motarka ta zo da ita tana nan a takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba. Ɗauki hotonta a waya kafin ka shiga kasuwa. Ka kuma sauko da safaya ka duba, don ni da na sauko da tawa 16 na tarar a jiki, tun daga wanda ya sayar mini da motar.