Wai ina ungulu ta shiga ne?

Jama'a don Allah yaushe rabon da ku ga ungulu a mayanka? Da can mahauta har kora suke yi, tana tsaye gefen su tana jiran a jefo hanji, ko a jikinta. Yanzu je ka kwatar garinku ka duba, sai hankaka da ƙuda. An ce ungulu ba ta jewar banza, to ɓacewarta ma ba banza ba ce.

Ni a ganina tsuntsu ya fi mu sanin halinmu. Fakara da zabon daji tun kana can nesa sun tashi, don sun san bindiga da tarko. Balbela kuwa tana bin shanu har tsakanin ƙafafun makiyayi don ba ruwansa da ita. Shamuwa ma haka, in damina ta kusa sai ta zo ta yi sheƙa kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, yara na wasa a ƙasa ita tana sama da 'ya'yanta, saboda tun muna ƙanana ake hana mu jifanta.

Ita ungulu yardar da ta yi da mutum ce ta ci ta. Ba ta gudu, shi ya sa kama ta ba wuya, a sa guba a mushe su sauko da yawa su mutu a wuri ɗaya, a kwashi kawuna da ƙwai a kai wa 'yan tsibbu, ga dogayen bishiyoyin da take sheƙa an sare an yi gawayi. A 2015 har ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta saka irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, amma mu nan wa ya damu, ai tsuntsun ƙazanta ce. Alhali ita ke cinye mushen kafin ya ruɓe ya ishe mu da wari.

Kuma fa ba sai an kashe ba. Agwagin da ke tahowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka fadamar Hadejia da Nguru lokacin hunturu, kiwo suka zo yi su tara kitsen komawa, duk harbi ɗaya ko kwale-kwale da ya tashe su ƙarfi suka ƙona kuma abinci suka bari. Mai kwanci a kan ƙwai ma in aka cika tashinta watsar da sheƙar take yi gaba ɗaya.

Wadda nake ji wa tsoro yanzu ita ce shamuwa, don yaran yanzu masu danƙo ban ga mai tsawata musu ba.