Kore ko shuɗi? Tsohon kan jirgi na da haƙƙin a faɗi gaskiyar shekarunsa

Ranar 2 ga Janairun 1982, kan jirgi mai lamba 55015 ya ja fasinjoji daga tashar King's Cross da ke Landan zuwa Edinburgh, ɗan'uwansa 55022 ya dawo da su. Daga nan hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami wannan samfurin kawunan jirgi da ake kira Deltic daga aiki. Guda 22 kamfanin English Electric ya ƙera a 1961 da 1962, kowanne da injin dizal biyu na Napier a cikinsa, ƙarfin doki 3,300, gudun mil 100 a awa. Shida kacal suka kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan. Tun daga lokacin, duk sanda ɗaya ya shiga gareji aka zo kan fenti, sai tsohuwar gardama ta tashi: kore za a shafa masa ko shuɗi?

Masu son kore suna da hujja, kuma ba na raina ta. Da kore aka haife su: jiki kore mai duhu, siririn layin algashi a ƙasa, tagogin direba zagaye da fari. Duk wanda ya ga hotonsu a wannan shiga ya san an yi ado. Shuɗin da ya biyo baya daga 1966 kuwa kayan sarki ne da hukuma ta ɗinka wa kowa, babba da ƙarami, kuma yana tuna wa mutane da dama zamanin yajin aiki da tarago mai datti.

Sai dai a lissafa. Kafin 1970 ta kama, dukkansu sun koma shuɗi, kuma a haka suka yi ta safa da marwa har ƙarshen 1981. Ashe yawancin rayuwarsu ta aiki a shuɗi suka yi ta. Direbobi da makanikai da suka tsufa a kansu, da yaran da suka tsaya bakin dandamali da biro da littafi suna rubuta lambobi, mafi yawansu shuɗin suka sani. Idan aka mayar da kowane kan jirgi zuwa ranar da ya fito daga masana'anta, an share shekarun da ya fi shan wahala, an bar hoton ranar suna kaɗai.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Ba launi ne kawai ya sauya ba, jikin ma ya sauya. Yawancinsu sun fito ba rawaya a goshi. Daga 1962 aka fara shafa musu ɗan faci, daga baya goshin duka, saboda injin dizal ba ya tuƙuƙin hayaƙin da leburan gyaran dogo ke hangowa daga nesa kamar na mai kwal. An saka musu birkin iska. An ƙara musu wayoyin ɗumama tarago da lantarki. Harafin D na gaban lamba ya faɗi bayan an daina aiki da jirgin kwal a 1968, sannan a 1973 da 1974 aka sauya lambobin gaba ɗaya, D9000 ya zama 55022. Akwatin da ke nuna lambar tafiya a goshi shi ma an toshe shi. To a ɗauki wannan jiki na 1980 a shafa masa koren 1961 tas, an haɗa wani abu da bai taɓa taka dogo ba. Tsoho ne aka sa wa rigar yaye.

Shi ya sa nake ganin tambayar "wane launi ne na asali" ba ta kai ba. A tambayi wace shekara ake so a nuna, sannan komai ya bi ta: lamba, tambari, girman rawaya, fitilu, har bututun birki. Aikin kuma yana farawa ne da takardar yashi. A samu lungun ƙofar direba inda rana ba ta dafa fenti ba, a goge a hankali, sai ka ga launuka sun fito ɗaya ƙarƙashin ɗaya kamar ɓawon albasa: shuɗi, wani shuɗin, kore, jan share fage, sannan ƙarfe. A ɗauki hoto, a yanki samfuri a adana kafin a kankare sauran. Tsohon hoto mai launi yana kodewa, idon ɗan'adam kuma yana mantuwa. Ƙarfen ne shaidar da ba ta canza magana.

Na yarda akwai inda ƙa'idar tawa ke tangarɗa. A ƙarshen 1980 an mayar da 55002 kore alhali yana kan aiki, saboda an riga an ware shi wa gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York. Ya yi yawo da koren jiya, lambar yau da cikakken goshi rawaya. Haɗin gambiza ne, amma tunda ya ja fasinjoji a haka, ya zama tarihi shi ma. Haka D9016, wanda aka shafa wa shunayya ta kamfanin Porterbrook a ƙarshen shekarun 1990 bayan kamfanin ya ɗauki nauyin gyaransa. Mutane sun yi ta tsaki. Ni ban ga laifi ba, domin babu wanda aka yaudara cewa haka yake a da, kuma gyaran injin Napier ba kuɗin goro ba ne. Mai abu da abinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kafa allo a ce "kamar yadda yake a 1961" alhali rabin kayan jikinsa na 1975 ne.

Da za a ba ni zaɓi kan 55015, wanda ke hannun ƙungiyar Deltic Preservation Society a Barrow Hill, da 1980 zan ɗauka. Sunansa Tulyar, sunan dokin da ya ci sukuwar Derby a 1952, domin duk na garejinsu na Finsbury Park da ke Landan sunayen dawakin sukuwa aka raɗa musu. A 1979 ma'aikatan garejin, suna sane cewa sababbin jiragen InterCity 125 sun zo karɓe aikin, suka ɗauki buroshi suka zagaye tagogin injinansu da farin fenti don a san nasu ne. A wannan shiga nake so in ga Tulyar: shuɗi, goshi rawaya, fararen tagogi, da lamba 55015 a gefe.